Jarin Baƙi da Aikin 'Yan Gari: Abin da Ya Faru a Tsibirin Penang

A shekarar 1969 ne gwamnatin tarayyar Malesiya ta ƙarasa janye wa tsibirin Penang matsayinsa na tashar jiragen ruwa wadda ba a karɓar kuɗin fito a cikinta, matsayin da asalinsa ke komawa zamanin da wani Bature ɗan Ingila, Francis Light, ya kafa tutar ƙasarsu a can cikin 1786. Kuma da yake arzikin birnin George Town kacokan a kan wannan rangwame ya dogara, tun daga attajirai masu rumbunan kaya har zuwa 'yan dako da masu kwale-kwale da masu shaguna, ba a jima ba sai ciniki ya yi sanyi, hajar da a da take sauka a nan ta koma wasu tashoshi, aka wayi gari kimanin mutum 15 cikin kowane 100 masu ƙarfin aiki suna zaune hannu rabbana. Gari ne mai tsohon tarihi, wanda a unguwarsa ta Lebuh Acheh maniyyata daga sassan ƙasar da tsibirin Sumatara suke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda, amma tsohon tarihi ba ya cika tukunya, don haka samarin da suka yi karatu suka fara ɗaure kayansu suna nufar Kuala Lumpur da Singafo.

Cikin wannan hali ne aka yi zaɓen watan Mayu na shekarar, wanda ya ba jam'iyyar adawa ta Gerakan mulkin jihar, aka naɗa Dokta Lim Chong Eu, likitan da ya yi karatu a Edinbura, a kan kujerar Babban Minista. Kwanaki kaɗan bayan zaɓen kuma fitinar ƙabilanci ta ɓarke a Kuala Lumpur ranar 13 ga wata, aka yi asarar rayuka da dukiya, wadda ta sa hukumomin tarayya suka fahimci cewa zaman banzan matasa, musamman Malayawan karkara, wuta ce da ke ci a ƙarƙashin toka. Lim bai gaji baitulmali mai kauri ba, tsibirin kuma ba shi da faɗin ƙasar da za a yi gandun roba ko na kwakwar manja. Abin da yake da shi shi ne filin jirgin sama a Bayan Lepas, da tashar ruwa, da makarantu tsofaffi waɗanda suka daɗe suna yaye yara masu jin Turanci. Masanan da aka ɗauko daga wani kamfanin ba da shawara na Amurka, Robert Nathan, suka miƙa rahotonsu a 1970, wanda gundarinsa shi ne a daina sa ido ga 'yar kasuwar cikin gida, a nemo masana'antu masu cin hannaye da yawa waɗanda za su yi kaya don kasuwar duniya. Aka ɗora aikin a wuyan Hukumar Raya Penang, ƙarƙashin wani ma'aikacin gwamnati mai suna Chet Singh.

To, a daidai wannan lokaci akwai masu neman irin abin da Penang take da shi, kuma ya kamata a ɗan tsaya a bayyana dalili, domin wanda bai san yadda ake yin ƙwayar lantarki ba, watau ɗan ƙanƙanin abin nan da ke zaman ƙwaƙwalwar rediyo da kwamfuta da waya, ba zai gane irin aikin da aka kawo ba, balle ya auna darajarsa. Aikin hawa uku ne. Da farko masana su zana taswirar hanyoyin da wuta za ta bi. Sa'an nan a buga wannan zane a kan faifan silikon cikin ɗakuna masu tsananin tsabta, da injuna masu tsadar gaske. Daga ƙarshe a yanyanka faifan ƙwaya-ƙwaya, a liƙa kowace a mazauninta, a haɗa ta da ƙafafunta da zaren zinariya wanda ya fi gashin kai siranta, a rufe ta da roba, a jarraba ta ko tana aiki. Hawa biyun farko ilmi da jari suke ci, na ukun kuwa a wancan zamani hannu da ido yake ci, domin mutum ne zai duƙa a kan madubin ƙara girma yana haɗa zare ɗaya bayan ɗaya tun safe har yamma. Da yake kayan ba su da nauyi, jirgin sama yana iya ɗaukar na miliyoyi a cikin 'yan akwatuna, dokar kwastan ta Amurka kuma ta yarda idan aka fitar da kayan ƙasar aka harhaɗa a waje aka komo da su, a biya haraji a kan ƙarin aikin da aka yi musu kaɗai, sai kamfanoni suka ga babu wata hikima a biyan ladan Kalifoniya a kan aikin da za a yi shi a gabashin duniya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Fairchild ne ya fara buɗe hanya a Hong Kong a farkon shekarun 1960, wasu suka bi zuwa Taiwan da Koriya da Singafo, kuma ko da lada ya fara hawa a waɗannan wurare, sai ido ya koma neman wani sabon masauki.

Majalisar tarayya ta zartar da dokar yankunan ciniki marasa haraji a 1971, a shekara mai bi mata aka buɗe na farko a Bayan Lepas, a kan fadamun shinkafa da ke maƙwabtaka da filin jirgi. Sharuɗɗan da aka gindaya masu daɗi ne ƙwarai ga baƙo: ya mallaki kamfaninsa shi kaɗai ba tare da abokin tarayya ɗan ƙasa ba, ya shigo da injuna da kayan aiki ba kuɗin fito, a yafe masa harajin riba na shekaru biyar waɗanda ake iya tsawaitawa zuwa goma, ya kuma fitar da ribarsa yadda ya so. Amma irin waɗannan sharuɗɗa wasu ƙasashe ma sun bayar, kuma ba su ne kaɗai suka jawo mutane ba. Abin da tsofaffin manajoji suka riƙa ambata daga baya shi ne himmar mutanen hukuma, yadda Babban Minista da kansa yake tafiya Amurka yana bin ofisoshin kamfanoni ɗaya ɗaya, da yadda idan baƙo ya sauka ba a barinsa ya yi ta zarya tsakanin ofishin filaye da na wuta da na ruwa. An ajiye wani hoto na Andy Grove, ɗaya daga cikin shugabannin Intel, ya naɗe ƙafar wandonsa yana tsaye cikin taɓo a hanyar filin da aka nuna masa. A nan kamfanin ya gina ma'aikatarsa ta farko a wajen Amurka cikin 1972, da ma'aikata kimanin 100. Gobara ta cinye ginin a 1975, aka sake tayar da shi. Kamfanoni takwas ne mutanen Penang suke lissafawa a matsayin na farko, har yau kuma suna ambatonsu da girmamawa: National Semiconductor da Intel da AMD da Hewlett-Packard da Litronix daga Amurka, Hitachi da Clarion daga Japan, sai Bosch daga Jamus.

Aiki kuwa ya samu, kuma ya samu da gaggawa, ta yadda kafin ƙarshen shekarun 1970 dubun dubatar mutane ne suke shiga ƙofofin Bayan Lepas kowace rana, a karɓa-karɓa sau uku, dare da rana. Sai dai waɗanda suka sami aikin ba su ne waɗanda suka rasa shi ba. Ɗan dakon da tashar ruwa ta sallama bai ga gurbinsa a gaban madubin ƙara girma ba; waɗanda aka ɗiba galibinsu 'yan mata ne marasa aure, masu shekara goma sha shida zuwa ashirin da 'yan kai, da yawansu Malayawa Musulmi daga ƙauyukan Kedah da Perak da Perlis, waɗanda iyayensu manoman shinkafa ne da masu tatsar roba, kuma waɗanda kafin wannan lokaci ba a taɓa jin 'yar gidansu ta kwana a wani gari don neman kuɗi ba. Takardun talla da hukuma ta buga don jawo masu jari sun fito fili suna yabon ƙananan hannayen matan gabas da haƙurinsu a kan aiki mai wuyar sha'ani, dokar da ta hana mata aikin dare a masana'antu kuma aka yi mata togaciya domin waɗannan kamfanoni. Manajoji sun fi son budurwa saboda dalilan da ba su da wuyar ganewa: ladanta kaɗan ne, ba ta saba da jayayya da na gaba ba, sa'an nan bayan 'yan shekaru, daidai lokacin da idonta zai fara gajiya da madubi kuma albashinta zai fara hawa, aure zai ɗauke ta ba tare da an sallame ta ba.

Ba daidai ba ne a ce zalunci tsagwaronsa ne, kamar yadda wasu marubuta suka so su nuna, domin 'yan matan da kansu suka yi ta tururuwa, kuma ɗan abin da suke aikawa gida a ƙarshen wata ya rufa ɗakuna da kwano, ya sayi kekunan ɗinki, ya riƙe ƙanne a makaranta, ya kuma ba 'ya mace wata murya a sha'anin aurenta wadda uwarta ba ta samu ba. Amma al'umma ba ta karɓi abin da sauƙi ba. An yi musu laƙabi na izgili, an zarge su da lalacewar tarbiyya don kawai an gan su suna tafiya sinima cikin ayari ko sun sayi tufafin zamani, har masu wa'azi da 'yan siyasa suka mai da su abin magana, alhali kuwa guminsu ne yake shigo wa ƙasar da kuɗin waje. Wata masaniyar halayyar al'umma, Aihwa Ong, wadda ita ma haifaffiyar Penang ce, ta zauna cikin irin waɗannan ma'aikata a jihar Selangor, ta wallafa bincikenta a 1987, inda ta yi bayanin wani al'amari da ba zai zama baƙo ga wanda ya san makarantun kwana na 'yan mata a ƙasarmu ba: sai wata ta kurma ihu a tsakiyar aiki ta faɗi, ta ce ta ga aljani, nan da nan abin ya bi layi, har a rufe sashe guda a kira mai ruƙiyya. Ong ta karanta wannan a matsayin kukan wanda aka toshe wa kowace ƙofar kuka. Mutum yana iya yarda da tafsirinta ko ya ƙi, amma batun toshe ƙofa gaskiya ne, domin gwamnati ta ƙi yarda ma'aikatan kayan lantarki su kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa baki ɗaya. A 1988 aka yarda da ƙungiyar cikin gida, kowane kamfani da tasa, sai bayan shekara ashirin da wani abu aka amince da ƙungiyoyin shiyya-shiyya.

Babbar jarrabawa ta zo a 1985, sa'ad da kasuwar kwamfuta ta faɗi a Amurka, aka sallami dubban ma'aikata a Bayan Lepas cikin 'yan watanni, wasu ma'aikatu suka rufe ƙofa ɗungurungum. A lokacin ne masu suka suka ce ai dama sun faɗa, baƙo raɓa ne, kuma wanda arha ta kawo shi arha ce za ta ɗauke shi. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin bayan shekara goma sha uku ana aiki kusan duk abin da ake harhaɗawa daga waje yake zuwa, ya koma waje, abin da ke zama a ƙasa bai wuce albashi da kuɗin wuta da na hayar fili ba. Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da zai bambanta Penang da ɗimbin yankunan da aka killace da waya a ƙasashe daban-daban, aka zuba musu rangwame, baƙi suka ci suka share baki suka wuce.

Abin da ya sauya al'amarin ya fito ne daga inda ba a zata ba, watau daga injunan da aka kawo don su rage hannaye. Bayan faɗuwar kasuwa kamfanoni suka koma haɗa zaren zinariya da inji mai sarrafa kansa, wanda yake yin aikin mata da yawa, kuma suka ɗauki tsarin nan na Japanawa na rashin tara kaya a rumbu. Inji kuwa yana da buƙatu: yana son maƙalai da mazaunai da ma'aunai na ƙarfe waɗanda aka fiƙe daidai wa daida, ga shi suna cinyewa, ga shi kuma duk sa'ad da aka sauya samfurin ƙwaya sai an sauya su. Jiran a ƙero su a Amurka ko Japan a auno su ta jirgi asarar makonni ce. Sai manajoji, waɗanda a lokacin da yawansu 'yan ƙasa ne da suka taso a cikin kamfanonin (a Intel, alal misali, wani ɗan ƙasa mai suna Lai Pin Yong ya kai ga shugabancin ma'aikatar), suka waiwayi ƙananan maƙeran garin, Sinawa masu injin fiƙe ƙarfe ɗaya ko biyu a bayan gida, waɗanda a da gyaran kayan jiragen ruwa da na ma'adinai ne abincinsu. Aka fara ba su aiki mai sauƙi, aka aika musu da injiniyoyi suna nuna musu yadda ake karanta zane da yadda ake awo, idan suka ɓata a mayar musu, idan suka gyara a ƙara musu mai wuya. Hukumar Raya Penang ta tattara sunayen maƙeran da abin da kowa ya iya ta rarraba wa kamfanoni, ta riƙa haɗa su zama. Daga cikin irin waɗannan rumfuna ne Eng Teknologi da LKT suka girma har suka shiga kasuwar hannun jari.

Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar, Rajah Rasiah, ya gwada abin da ya faru a Penang da abin da ya faru a kwarin Klang kusa da babban birni, inda irin kamfanonin nan suka sauka ƙarƙashin doka ɗaya da rangwame ɗaya, ya tarar cewa a can alaƙar ba ta ƙullu kamar haka ba, kuma ya danganta bambancin ga hukumar jiha: a Penang masu mulki sun san maƙeran, sun amince da su, sun ɗauki haɗa su da baƙi a matsayin aikinsu, a can kuwa babu wanda ya tsaya tsakani. A ganina wannan shi ne mafi amfani daga duk abin da aka rubuta a kan mas'alar, domin yana nuna cewa ilmin sana'a ba ya tsallake katangar ma'aikata da kansa don kawai an gina ta a garinku. Sai an sami wanda ya buɗe ƙofa, da wanda yake a shirye a bakin ƙofar.

Haka kuma aka yi da sha'anin horo. Da injuna suka yawaita sai aka rasa masu kula da su, kamfanoni suka shiga sace wa juna ma'aikata da ƙarin albashi, har suka ga abin ba zai fisshe su ba. A 1989 suka haɗa kai da gwamnatin jiha aka kafa Cibiyar Koyar da Sana'o'i ta Penang, gwamnati ta ba da gini da tallafi, kamfanoni suka ba da injuna da malamai, kuma, abin da ya fi muhimmanci, aka bar musu tsara abin da za a koyar, don kada a yaye yaro a kan injin da aka daina amfani da shi tun yana firamare. Malamanmu na da sun sanya sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta miƙewa sai da su, kamar noma da saƙa da ƙira, cikin farillan kifaya, waɗanda idan aka rasa mai yin su a gari alhakin yana kan kowa. Ban san wani misali na zamani da ya fi wannan kusa da ma'anar hukuncin ba, ko da yake waɗanda suka zartar da shi riba ce ta kora su.

Daga nan sai ƙarni na biyu ya fito, na injiniyoyin da suka yi shekaru suna cin albashin baƙo sa'an nan suka ajiye aiki suka buɗe nasu. Tsofaffin ma'aikatan Intel ne suka kafa Globetronics a 1991, a shekarar kuma aka kafa Pentamaster mai ƙera injunan gwaji. A 2000 wasu samari biyu da suka fito daga Hewlett-Packard, Chu Jenn Weng da Steven Siaw, suka kafa ViTrox, wanda yake yin na'urori masu duba aibin kaya da kyamara, yana sayar da su a ƙasashe da dama. Su kansu baƙin suka fara danƙa wa rassansu na Penang aikin zane da bincike, Motorola a fannin rediyon oba-oba, Intel a wasu nau'o'in ƙwayoyinsa. Saboda haka da guguwar faɗuwar kasuwa ta 2001 ta zo, kamfanoni da yawa suka kwashe zuwa ƙasar Sin inda lada ya fi arha, an ji jiki, an sallami mutane, amma garin bai koma halin 1969 ba, domin mai son tashi yanzu sai ya lissafa maƙera da masu gyara da injiniyoyin da zai bari a baya. A yau Malesiya ce take yin kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin rufe ƙwayoyin lantarki da jarraba su a duniya, kayan lantarki kuma su ne kusan kashi 40 cikin 100 na abin da take fitarwa, nesa da abin da man ja yake kawowa, duk da cewa a nan ƙasar da zarar an ambaci Malesiya zancen kwakwar manja ake fara kawowa. Duniya ta san nauyin wannan a 2021, lokacin da annobar korona ta tsayar da ma'aikatun ƙasar, manyan kamfanonin motoci a Amurka da Japan suka rage aiki don rashin 'yan ƙwayoyin da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba.

Duk da haka akwai magana mai ɗaci wadda masanan ƙasar da kansu suke faɗa. Hawa na ukun nan da Penang ta ƙware a kansa rabonsa bai kai kashi 10 cikin 100 na darajar ƙwaya ba; kitsen yana wajen masu zane da masu buga faifai. Taiwan ta fara ne daga inda Penang ta fara, da yankin Kaohsiung a 1966 da 'yan mata a gaban madubi, amma a 1976 gwamnatinta ta sayi fasahar buga faifai daga kamfanin RCA, ta aika samarin injiniyoyi Amurka suka koyo, daga wannan zuriya kuma kamfanin TSMC ya fito a 1987, wanda yau duniya take layi a ƙofarsa. Koriya ta Kudu ta bi ta hannun manyan kamfanoninta na gida irin su Samsung. Malesiya ta yi nata yunƙurin, ta buɗe dandalin fasaha na Kulim a jihar Kedah cikin 1996, ta zuba kuɗin gwamnati a kamfanin buga faifai na Silterra, amma an makara, an kuma yi ta asara, daga baya aka sayar da shi. Halinta ya yi kama da na yaron maƙera da ya shekara hamsin a kan zugazugi, ya iya wuta fiye da kowa, har maigida ba ya iya aiki in ba ya nan, amma guduma da uwar maƙera suna hannun wani.

Akwai kuma wata mas'ala wadda ta fi wannan nauyi a mizanin shari'a. Tun daga shekarun 1990, da 'ya'yan matan farko suka yi karatu suka ƙi aikin layi a kan ladan da ake biya, maimakon a ɗaga ladan sai aka buɗe ƙofa ga 'yan ci-rani daga Indunusiya da Nepal da Bangaladash da Bama da Biyetnam, waɗanda dillalai suke ɗebowa bayan sun karɓi kuɗi masu yawa a hannunsu, mafi yawa na bashi. Wata ƙungiya mai suna Verité ta yi hira da ma'aikata 501 a masana'antun kayan lantarki na ƙasar, ta fitar da rahoto a 2014 cewa kusan ɗaya cikin uku na baƙin ma'aikatan suna cikin halin da ya cika sharuɗɗan aikin tilas, fiye da kashi 90 cikin 100 kuma fasfonsu yana hannun dillali ko kamfani. Ijara a fiƙihu tana inganta ne da yardar ɓangarorin biyu da sanin aiki da sanin ujura. Wanda aka yi wa alkawarin wani albashi a ƙauyensu ya tarar da wani, ga bashi a wuya, ga takardar tafiyarsa a aljihun wani, da wuya a kira zamansa yarda. Bayan rahoton manyan masu sayen kayan, Apple a gaba, sun hana a karɓi kuɗin ɗauka daga ma'aikaci, an kuma mayar wa wasu abin da suka biya. Amma ta fuskar aikin 'yan gari abin lura shi ne, idan aka ji minista yana shelar cewa sabon kamfani zai samar da aiki dubu kaza, ya halatta a tambaye shi aikin wa, kuma a kan nawa. Ƙasar ba ta ma sa mafi ƙarancin albashi na doka ba sai 2013, a kan ringit 900 a wata a yankin da Penang take.

Mu ma nan ba baƙin wannan sha'ani ba ne. Jarin mutanen Hong Kong ne ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, ta ciyar da dubban gidaje shekaru arba'in, da ta rufe a 2007 kuma ba ta bar a bayanta wani ayarin maƙera masu ƙera kayan injin saƙa ba. Muna da dokar yankunan sarrafa kaya don fitarwa tun 1992, da yanki a Kalaba da wani a Fanisau ta Kano. Wayoyin Tecno da itel da suka cika kasuwar Farm Centre na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, wanda da ya tashi buɗe wurin harhaɗa waya a Afirka cikin 2011 Habasha ya nufa. Rangwamen haraji ba shi muka rasa ba; ɗakin da ake rufe ƙwayar lantarki ba ya jure ɗaukewar wuta ko ta ƙiftawar ido, kuma ba a yi masa maganin wannan da janareto a bayan gida. Hannaye kuwa akwai su, ga wanda ya taɓa tsayawa ya kalli samarin da ke ɗaga ƙwaya daga allon waya da iska mai zafi su dasa wata.

A Penang yanzu kakar baƙi ce ta sake zagayowa, saboda takaddamar Amurka da Sin ta sa kamfanoni, har da na Sinawan kansu, suna neman masauki na biyu a wajen ƙasar Sin. Filayen tsibirin sun ƙare, aiki ya tsallaka gada zuwa Batu Kawan, inda Micron da Lam Research suka gina ma'aikatu. Infineon na Jamus ya buɗe sabuwar ma'aikatar buga faifai a Kulim a 2024. Intel ya yi shelar zuba dala biliyan 7 a kan sabuwar ma'aikata a ƙarshen 2021, sa'an nan da al'amuransa suka dagule a 2024 ya ce zai ƙarasa ginin, amma fara aiki a cikinsa sai yadda kasuwa ta nuna. Gwamnatin Anwar Ibrahim ta fito da tsari a watan Mayu na 2024 wanda ya ƙunshi horar da injiniyoyi 60,000, a watan Maris na 2025 kuma ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 250 cikin shekara goma da kamfanin Arm, domin kamfanonin gida su sami izinin amfani da zanensa su fara zana ƙwayoyin kansu. Masu masana'antu suna kukan ƙarancin injiniyoyi, injiniyoyin kuma suna kukan ƙarancin albashi da tsadar gidaje a tsibirin, ga Singafo nan kusa, inda dalarta ɗaya ta fi ringit uku. Sa'an nan ga ruwa, wanda waɗannan ma'aikatu suke sha ba kaɗan ba: kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da jihar take amfani da shi daga kogin Muda yake fitowa, wanda mafarinsa yake cikin dazukan Kedah, kuma jihohin biyu sun daɗe suna jayayya a kan ko Penang za ta biya kuɗinsa.